Sanarwar Bayan Taro Kan Littattafan Adabi da Kiɗan Mutanen Duwatsun Karshi da Kewaye

Ƙungiyarmu ta marubuta da malaman makaranta da masu sha'awar adabin gargajiya, wadda mambobinta ke zaune a Karshi da garuruwan da ke kan hanyarta, irin su Orozo da Kurudu da Jikwoyi da Karu, ta yi zama na musamman a garin Karshi, yankin ƙaramar hukumar AMAC ta Babban Birnin Tarayya, ranar Asabar ɗin da ta wuce. An buɗe taro da hantsi da addu'a, ta Musulunci da ta Kirista, ba a tashi ba sai da aka kira la'asar. Ban da mambobi, an gayyato dattawan gari maza da mata, da makaɗa, da wasu 'yan makarantar sakandare.

Batun guda ɗaya ne: me aka rubuta a littafi game da waƙa da kiɗa da tatsuniyar mutanen duwatsun nan da suka kewaye mu, wato Gwandara da Gbagyi da Gade da Koro, kuma me ya rage a wuyanmu? Tun kafin ranar an roƙi kowa ya zo da littafin da ya mallaka ko ya iya arowa. Aka jera su kan tebur ɗaya. Teburin bai cika ba, kuma galibin abin da ke kansa fotokwafi ne da ya sha hannu har rubutun ya fara dushewa.

Abin da aka tarar a kan tebur

Taron ya fara da yaba wa magabata biyu na tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828, ake kiranta Suleja a yau: Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi. Su ne suka rubuta tarihin masarautar da al'adunta da Hausa, Frank Heath ya mayar da shi Turanci aka buga a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. Su ne kuma suka fitar da ɗan littafin nan na Gwari da Gade da Koro wanda aka buga a Ibadan a 1969. Ba don su ba, da abin da ɗan ƙasa ya rubuta da kansa game da mutanen yankin nan a wancan zamani bai taka kara ya karya ba. Amma taron ya lura cewa daga gefen fada suka tsaya suka hango mutanen kan dutse, kuma bayanin al'ada suka sa gaba: aure, biki, sarauta, bauta. Za ka ji an yi rawa, an yi kiɗa, sai dai ba za ka tashi daga karatun da waƙa a kunnenka ba.

Sauran littattafan kusan duk na harshe ne. Frank Edgar, wanda Hausawa suka fi sani da tarin tatsuniyoyin da ya buga tsakanin 1911 da 1913, ya riga ya fitar da nahawun Gbari a Belfast tun 1909. Larry Hyman da Daniel Magaji suka biyo da Essentials of Gwari Grammar a 1970. Abin da ya fi ɗaukar hankalin mahalarta shi ne aikin Shuji Matsushita, masanin harshe ɗan ƙasar Japan, wanda ya buga bayanin sautukan Gwandara da ƙamusunsa a Tokyo a 1972, sannan a 1974 ya kwatanta kalmomin karuruwan harshen guda 6: na Karshi da Cancara da Toni da Gitata da Koro da Nimbiya. Ta dalilin aikinsa duniya ta san cewa mutanen Nimbiya suna ƙirga da sha biyu-sha biyu, alhali Karshi goma-goma take ƙirgawa kamar Hausa. Da aka karanto wasu kalmomi daga cikin jerin, dattawan da ke wurin suka riƙa gyara wa mai karatun furuci suna dariya, don ya karya sautin kamar yadda baƙo yake yi. Wani daga cikinsu ya ce yau ya fara ganin littafin, ga shi kuwa sunan garinsu a ciki. Wannan ya sa ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci.

Don a auna girman giɓin, an ajiye littattafan kiɗan Hausa a gefe guda: ƙamusun kalmomin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King na 1971, Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku, wanda ya fito a 2006. Mai neman sanin bambancin kotso da taushi, ko wane kiɗa ake yi wa mahauta wane ake yi wa maƙera, yana da inda zai duba. Mai neman sanin me Bagwandariya ke rerawa a bakin dutsen niƙa, ko wane take ake kaɗa wa manomin Gbagyi ranar gayya, bai sami ko littafi ɗaya a kan teburinmu ba.

Taron ya ga abin mamaki a nan. Aikin hannun mutanen yankin nan ya zaga duniya. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, ta kai tukwanenta Ingila da Amurka, yau hotonta yana jikin naira 20. Shugaban Amurka Bill Clinton da ya zo a 2000, har Ushafa aka kai shi ya ga masu gini. Tukunya ana iya ɗaukarta a ɗora a kanta, a sa mata farashi. Waƙar da maginiyar take yi tana kewaya tukunyar kuwa, a nan inda aka yi ta take tsayawa.

Dutsen niƙa a ɗakin taro

Wani abu da ya faru bayan sallar azahar shi ya juya akalar shawarwarin da aka yanke, don haka ya kamata a rubuta shi. An roƙi wata tsohuwa daga cikin baƙinmu ta rera waƙar niƙa don a ɗauka a waya. Ta gyara zama, ta ɗauko layi ɗaya, ta tsaya. Ta sake ɗaukowa, ta sake tsayawa. Shugaban taro ya ce, Inna, ko kin manta ne? Ta ce, ban manta ba, ɗana, hannuna ne ba ya kan komai. Sai aka aika yara gidan maƙwabta. Da ƙyar aka samo dutsen niƙa, don an kifa shi a bayan ɗaki ana ɗora bokiti a kai. Aka wanke, aka kawo da ɗan dutsensa da tiya guda ta dawa. Ta durƙusa, ta zuba tsaba, ta tura ta jawo sau uku ko huɗu, sai waƙar ta zo da kanta. Kowane layi yana ƙarewa daidai inda ɗan dutsen ke dawowa, tana shaƙar numfashi a lokacin da take ƙara tsaba da hannun hagu. Inda ta gaji, waƙar ta ja. Inda garin ya fara laushi, ta yi sauri. Jikanyarta, 'yar aji biyar a sakandare, ta ce ita ba ta taɓa jin wannan waƙa ba, domin tun da ta yi wayo inji ake kai niƙa.

Daga nan taron ya fahimci abu biyu. Littafin da ya kawo kalmomin waƙa kawai, rabin aiki ya yi. Kuma babu wanda ya hana waɗannan waƙoƙi; aikin da ke ɗauke da su ne ya tafi. Inji ya ɗauke waƙar niƙa, siminti ya ɗauke waƙar daɓe, maganin feshi da sayar da gonaki ga masu gina rukunin gidaje suna cin kiɗan gayya, lasifika da mai sa faifai sun karɓe dandalin biki. Ƙari a kan haka, tun da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairu 1976, aka kuma dawo da mazaunin gwamnati a Disamba 1991, ƙauyuka da yawa sun tashi daga mazauninsu. Garki da Wuse da Maitama da Asokoro duk garuruwan mutane ne kafin su zama unguwannin birni. An kai wasu Sabon Wuse, wasu Kubwa, wasu Apo. Waƙar da ke ambaton rafi kaza da kukar gidan wane, idan rafin ya koma kwalbati, yaro ba shi da abin da zai rataya ta a jiki.

Wani mamba ya kawo gwangwanin madara cike da kaset-kaset da mahaifinsa ya ɗauka a bukukuwan kaka shekaru da dama da suka wuce. An gwada guda uku. Ɗaya zaren ya manne, ɗaya ya yi fumfuna, na ukun aka naɗe shi da biro ya yi magana, ana jin ganga da guɗa da muryar wani mai waƙa da dattawa biyu suka shaida nan take, suka ce ya daɗe da rasuwa. Ya kuma ba da labarin wasu masu bincike da suka taɓa zuwa gidansu suka kwashi kwana biyu suna ɗaukar kakarsa, aka yi musu tuwo, suka yi alkawarin aiko da kwafi. Har ta koma ga Mahaliccinta ba a ga ko takarda ba.

Inda aka yi saɓani

Ba a kan komai baki ya zo ɗaya ba, kuma ƙungiya ba ta ga dalilin ɓoye wannan.

Muhawara mafi zafi a kan harshe aka yi ta. Wasu suka ce a rubuta da Hausa, tunda ita ce kowa ke ji daga Karshi har Kwali, kuma ita ce za ta sa a sayi littafin. Wasu suka ce ai Hausar ce ke haɗiye Gwandara a cikin gida, ta yaya za a ba kura ajiyar nama? Masana sun tabbatar babu harshen da ya fi Gwandara kusa da Hausa, kuma wannan kusancin shi ke sa yaro ya zame daga wannan zuwa waccan ba tare da kowa ya lura ba. Wani malami Bagbagyi ya tuna wa mahalarta cewa a bakin Bahaushe kalmar gwaranci tana nufin maganar da ba ta fita daidai ba, ya ce wanda aka yi wa harshensa wannan suna yana da hujjar yin ɗari-ɗari. Hausawan da ke cikinmu ba su yi musu ba. Wannan sanarwa kanta da Hausa aka rubuta ta, kuma mun san abin da hakan ke nunawa. Matsayar da aka cimma tana ƙasa.

Ta biyu ta shafi addini. Labarin da aka fi bayarwa game da asalin Gwandara shi ne sun baro Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, don ba su yarda su bar al'adarsu ba, har ake cewa sunan ya samo asali daga furucin gwanda rawa da salla. Ko haka aka yi ko fassarar baya ce aka laƙa wa sunan, abin lura shi ne jama'a ce da labarin asalinta kansa yake ambaton rawa, ga shi kuwa ba a rubuta rawar ba. Yau Karshi gari ne na masallatai da makarantun allo da Islamiyya, kuma wasu dattawa sun nuna ba sa son a tono waƙoƙin dodanni da na bauta ta dā. Wani limami da ke wurin ya ce rubuta abin da kakanni suka yi daban, komawa gare shi daban, ya kawo misalin yadda malaman Larabci suka adana waƙoƙin Jahiliyya suna koyar da lugga da su. Wani fasto ya goyi bayansa. Duk da haka akwai waɗanda ba su gamsu ba, kuma akwai waƙoƙin da masu su da kansu suka ce ba na kunnen kowa ba ne.

A nan ne wata mamba mai koyar da adabin Turanci ta kawo labarin duwatsun Afalashiya na Amurka, yankin karkara da aka daɗe ana yi wa mutanensa kallon ƙauyawa. Cecil Sharp, Bature ɗan Ingila, ya zaga yankin tsakanin 1916 da 1918 yana rubuta waƙoƙi, littafinsa da Olive Dame Campbell ya fito a 1917. Aiki ne babba, amma tsofaffin waƙoƙin Ingila ya je nema, su ya samo. Waƙoƙin coci da na baƙaƙen fatar yankin bai ba su muhimmanci ba, alhali banjo, abin kiɗan da aka fi sanin duwatsun da shi, asalinsa Afirka ta Yamma ne, dangin molo da gurmi da garaya. Mai tara waƙa, in ya fita da abin da yake so a ransa, shi kaɗai zai gani. Ta kuma ba da labarin Foxfire, aikin da 'yan wata makarantar sakandare a jihar Jojiya suka fara a 1966, suna zuwa wurin kakanninsu da rikoda suna tambayarsu yadda ake gina ɗaki, yadda ake kiɗa, yadda ake magani. Mujalla suka fara, a 1972 ta zama littafi, ya sami kasuwa ƙwarai. Wannan misali na biyu ya fi kwanta wa taron a rai, domin jika ne ke tambayar kaka.

Shawarwarin da aka yanke

Taron ya amince ƙungiya ta fara aikin littafi ɗaya tak, ƙarami, na waƙoƙin aiki na mata: niƙa, daka, daɓe, reno da ginin tukunya. An zaɓi waɗannan don su suka fi kusa da ɓacewa, masu su tsofaffi ne, kuma babu mai jayayya a kansu ta fuskar addini. Kowace waƙa za ta zo da harshenta na asali a shafin dama, fassarar Hausa a shafin hagu, Turanci kuwa a ƙarshen littafi ga mai bukata. Ba za a gyara wa mai waƙa magana ba. Inda Bagwandariya ta cusa Hausa a tsakiyar layi, haka za a bar shi, don shi ma shaida ne. A rubutun ƙungiya za a kira kowace al'umma da sunan da take kiran kanta, Gbagyi ko Gbari, sai dai in ana ambaton sunan tsohon littafi.

Ba za a buga waƙa ba tare da muryarta ba. Kowane littafi zai fita da katin memori, kuma za a ɗauki waƙar ne a bakin aikinta, da dutsen da turmin da madaɓin, a rubuta wuri da lokaci da abin da ake yi. Ɗaukar farko 'yan sakandare za su yi a gidajensu, ƙarƙashin kulawar malamansu da izinin iyaye. Manya su bi baya da na'ura mai kyau.

Game da haƙƙi, taron ya tsaya kai da fata. Ba a ɗaukar kowa sai an yi masa bayani da harshensa ya yarda. Sunan mai waƙa zai fito a kan waƙarta in tana so, a sakaya in ba ta so. Kwafin farko na murya gidanta za a kai kafin a kai ko'ina, kuma tana da kaso a abin da aka samu. Abin da masu shi suka ce na sirri ne, ba za a buga ba, ba za a sa a intanet ba; in sun yarda a adana, a rubuta sharaɗinsu a jikinsa. An ɗora wa lauyan da ke cikinmu ya duba abin da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanada kan adabin gargajiya, ya kawo bayani da Hausa mai sauƙi.

Kaset-kaset da ke hannun jama'a za a tattara a juye su zuwa kwamfuta, a mayar wa kowa nasa tare da kwafi. Ana roƙon masu su kada su gwada sa su a tsohuwar rediyo, don zaren da ya manne tsinkewa yake yi.

An kuma karɓi shawarar wani maharbi, wadda ba ta cikin ajanda. Da aka ambaci duwatsu masu amo da Bernard Fagg ya gano a Birnin Kudu a 1955, waɗanda ake bugawa da ƙaramin dutse su yi ƙara kamar ƙarfe, matarsa Catherine kuma ta tattara labarin irinsu a littafin Rock Music a 1997, sai ya ce a tambayi maharba da makiyaya da masu itace, su suka san kowane dutse a dajin nan da muryarsa. An kafa kwamitin mutum uku su bi su su duba. Duk wanda ya ga yadda masu fasa dutse suka yi wa Mpape ya san dalilin gaggawar.

Taron ya yi kira ga Jami'ar Abuja da Kwalejin Ilimi ta Zuba su ƙarfafa wa ɗalibansu gwiwar rubuta kundayen kammala karatu kan waƙoƙin yankin, su kuma ba da damar a ga waɗanda aka riga aka rubuta. Ya roƙi Cibiyar Al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Garki da Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda ke da ƙauyen marubuta na Mamman Vatsa a Mpape, su ba da wuri a ajiye kwafin abin da za a tara. Za a rubuta wa Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna don neman tsofaffin rahotannin gundumomin Keffi da Nasarawa da Abuja, sannan a nemi hanyar samun kwafi mai kyau na littattafan Matsushita a ajiye a Karshi. In littafinmu ya fito, za a kai wa Ɗakin Karatu na Ƙasa kwafi 3 kamar yadda doka ta ce.

Kafin a fara komai, wakilan ƙungiya za su je gaisuwa fadar Mai Martaba Sarkin Karshi su gabatar da wannan sanarwa, su nemi izini da albarka, haka nan wurin hakimai da dagatai da shugabannin Gbagyi da Gade da Koro na kewaye. Maganar kuɗi ba a gama ta ba. An amince da karo-karo tsakanin mambobi don sayen rikoda da katin memori. Shawarar neman tallafin 'yan siyasa ta raba kan mahalarta, an ɗage ta zuwa zama na gaba.

Ƙungiya tana godiya ga dattawan da suka zauna da mu yini guda, da makaɗan da suka zo ba tare da neman ko sisi ba, da gidan da suka ara mana dutsen niƙa. An mayar musu da shi tare da garin dawar. Zama na gaba bayan an gama girbi ne, a nan Karshi, kuma kowane mamba zai zo da sunan tsohuwa ɗaya a unguwarsu da ta yarda a ɗauki muryarta.

Sa hannu:
Shugaba da Sakatare, a madadin ƙungiya
Karshi, Babban Birnin Tarayya